Layin Biro a Kuncin Hagu

"Mama, wannan ne mutumin da ya kashe Likita?"

Da ƙarfi ta yi tambayar, yadda take yin kowace tambaya, tana nuna shi da ɗan yatsa. Ta kusa cika shekara bakwai, kuma ba banza babanta ya laƙaba mata Lauya ba. Muna tsaye a tashar bas ta bakin makarantarsu, masu jiran mota sun fi goma. Shi kuma yana zaune ƙarƙashin laimarsa, tsakaninmu bai fi taku huɗu ba, da takalmin wani a kan gwiwarsa yana ɗinki. Na ga basillar ta tsaya. Bai ɗago kai ba. Can sai ya ja zaren, ya ci gaba da aikinsa.

Na damƙe hannunta. "Rufe min baki."

"Ai 'yan ajinmu ne suka ce. Sun ce a duba kumatunsa."

"Na ce ki rufe min baki!"

Wata mata da ke gefena ta yi dariya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ƙyale ta, Maman yarinya. Ai mu ma abin da ke ranmu ke nan."

Da muka shiga bas, Lauya ta bari sai da na zauna na ɗora ta a cinya, sannan ta juyo.

"To ba shi ba ne?"

"Ba shi ba ne."

"Ya aka yi kika sani?"

Na ce ta kalli taga. Amsar tana nan, na san ta sarai, shekara bakwai ke nan tana kwance a ƙasan akwatina.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san maganar Likita, ba sai an faɗi sunanta ba. Likitar yara ce, tana da ɗan asibitinta a saman bene, kan wani kantin magani. Rabin yaran unguwarmu ita ta yi musu rigakafi. Wata Talata da azahar nas ɗinta ta sauka sayo abinci, tana dawowa ta haɗu da wani mutum a matakala yana saukowa, har ya matsa gefe ya ba ta hanya. Ta shiga ta tarar da Likita kwance a bayan teburinta. Ba a ɗauki komai ba, jakarta ma tana rataye a jikin kujera. Har yau ba a san wanda ya yi ba, ba a kuma san dalili ba.

Abin ya canza garin. Masu walda suka yi wata uku suna ƙera ƙofofin ƙarfe ba hutu. Mata suka daina zuwa asibiti su kaɗai. Mahaifiyata ta daina buɗe wa mai duba mitar wuta ƙofa, sai dai ta karanto masa lambar ta taga, mutumin da ta sani tun kafin a haife ni. Kowane shagon aski da nasa bayanin, kowane gida da nasa mai binciken. Duk shekara idan ranar ta zagayo gidan rediyo kan yi shiri na musamman, mutane su yi ta kira, wani ya ce mijinta ne, wani ya ce manya ne, wata ta kira ta yi kuka kawai ta kashe. Yaran da aka haifa bayan rasuwarta ma suna da wasan da suke yi a filin makaranta, ɗaya ya zama Likita, ɗaya ya shafa alli a kunci ya zama Mai Tabo.

Wannan tabon ni na zana shi.

Lokacin ina da cikin Lauya wata bakwai, ina aiki a shagon kwafi da buga takardu da ke daura da gidan waya. Har yanzu a nan nake. Na'urarmu tsohuwa ce, tawadarta kullum a ƙarshe-ƙarshe take. Akwai dabarar da mai shagon ya koya min tun satin farko: idan aka kawo takarda ta koɗe, kamar takardar haihuwa ko tsohon satifiket, sai ka fitar da kwafi ɗaya, ka bi layukan da suka dusashe da baƙin biro, sannan ka buga sauran daga wannan. Uwa muke kiranta. Na ƙware a kai har mutane kan ce a bar wa mai cikin nan, hannunta ya fi tsabta.

Kwana biyar da kisan sai ga Anti Shugaba, shugabar ƙungiyar iyaye mata ta unguwarmu, ta shigo tana haki. Ta buɗe jakarta ta ciro wata takarda da ta ninke gida huɗu. Ƙaninta yana aiki a ofishin 'yan sanda, shi ya samo mata zanen fuskar da aka yi bisa bayanin nas. Da fensir aka yi shi, mai zanen ma ya yi biyu, wannan ne na gwaji. Ta ce ɗari biyar take so kafin la'asar, za a manna ko'ina.

Kwafin farko ya fito fari fat, kamar da ruwa aka yi zanen. Na ja kujera na zauna, na ɗauki biro. Na bi gira, na bi hanci, na bi kunne da haɓa. A kuncin hagu akwai wani siririn layi da ya taso daga ƙasan ido ya gangaro wajen muƙamuƙi. Na bi shi shi ma. Hannuna yana rawa, don katin asibitin Likita yana cikin jakata a lokacin, ita na yi niyyar kai wa jaririna. Rawar hannun ce ta sa layin ya ɗan karkace a tsakiya.

Anti Shugaba ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Innalillahi! Ashe har tabo gare shi? Kin ga ƙanin nan nawa bai ma faɗa min ba."

Na buga ɗari biyar. Kafin kwana biyu wasu shagunan sun kwafa daga nawa, wasu sun kwafa daga nasu. Jaridu ma nawa suka ɗauka, don ya fi na hukuma fitowa. Ranar har daɗi na ji. Na ce wa mijina ni ma na taimaka.

Akwai wani direba da ke jan bas ɗin wata makarantar firamare, shekara goma sha huɗu yana kai yara yana dawo da su. Yana da tabo a kuncin hagu, fambel ɗin injin mota ne ya tsinke ya zabge shi tun yana saurayi. Kwana uku da manna hoton mutane suka tare motarsa a kan titi, da yara talatin a ciki, suka jawo shi ƙasa. 'Yan sanda ne suka ƙwace shi. Ya yi kwana tara a hannunsu suka sake shi, don a daidai lokacin da aka kashe Likita yana kan hanya da yara da malama biyu, kowa ya shaida. Amma gari ya ce ai ya san manya ne. Iyaye suka ce ko shi ko yaransu, makaranta ta sallame shi. Babu wanda ya ƙara ba shi sitiyari. A ƙarshe ya ɗauko kayan aikin mahaifinsa, ya kafa laima a tashar bas yana gyaran takalma da jakunkuna. Mafi yawan masu ba shi aiki baƙi ne, 'yan wucewa.

Yana hannun 'yan sanda na gane abin da na yi. Ina share ƙarƙashin na'ura sai tsintsiya ta jawo takardar Anti Shugaba, ashe ta manta da ita. Na buɗe ta, na ɗaga ta saitin hasken ƙofa. Layin nan ya miƙe sambal tun daga saman takardar har ƙasa. Ninki ne. Garin fensir ne ya taru a cikinsa a daidai kunci, inda mai zanen ya fi shafawa, shi ya sa a nan kaɗai ya fito a kwafi. Fuskar da nas ta bayyana ba ta da ko ƙwarzane.

Na zauna a ƙasa da tsintsiyar a hannuna.

Da yamma na nuna wa mijina. Gyaran firij yake yi, mutum ne mara yawan magana. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Kin san sunan wannan? Taɓa takardar hukuma. So kike ki haihu a bayan kantar 'yan sanda?"

"To bawan Allahn nan fa?"

"Idan ba shi ba ne za su sake shi. Mutane kuma za su manta."

Na karɓi maganar hannu bibbiyu, don ita nake so a faɗa min. Na sa takardar a ambulan tare da katin asibitin, na cusa ƙasan akwati. Aka sake shi, na ce shi ke nan. Mutane ba su manta ba. Na haihu, na yi goyo, na yaye, na kai makaranta. Duk lokacin da zan wuce tashar nan sai na tsallaka ɗaya gefen titi. Takalma nawa masu kyau na zubar don maɗauri kawai ya tsinke, ban iya kai masa ba.

Bana abubuwa biyu suka haɗu. Makarantar su Lauya ta buɗe sabuwar ƙofa da ke kallon tashar, yara suka koma wucewa ta gaban laimarsa. Sannan shirin rediyo na cika shekara bakwai ya sa hoton ya dawo cikin wayoyi. Wani ma ya sa masa kala, ya mayar da tabon ja wur.

Kwana biyu bayan tambayar Lauya, Anti Shugaba ta shigo shago. Ta ƙara jiki, ta fara sa tabarau, amma hakin yana nan. Ta ajiye takarda a kan kantar shagon. Koke ne zuwa hukumar gari, a tashi mai gyaran takalma daga bakin makaranta. Hoton yana sama, layukan sa hannu suna ƙasa. Mutum ɗari ake bukata. Ranar Asabar za a taru a makaranta a kammala.

"Ɗari biyu, 'yar nan. Ki fito min da shi tas yadda kika saba."

Na ce, "Anti, na'urar ta lalace."

Ta kalli na'urar ta saman tabarau. Koriyar fitilarta a kunne, tana ta gurnaninta.

"Wannan da nake jin numfashinta?"

"Cin takarda take yi."

"Oho. To bari in je wajen ɗan rainin hankalin can mai shagon kwafi na kwana." Ta ɗauki takardarta, ta tsaya a bakin ƙofa. "Amma dai za ki zo ki sa hannu ko? Ke da kike da 'ya mace. Kuma ke ce fa kika fito mana da fuskar nan tun farko, ban manta ba. Allah ya saka miki."

Na ce amin. Wallahi amin na ce.

Da na koma gida na tarar da Baban Lauya a bakin famfo yana wanke baƙin mai daga hannunsa. Lauya tana gidan maƙwabta. Na wuce ɗaki na ɗauko ambulan ɗin na ajiye a kan bokitin da ke kife kusa da shi. Bai tambayi ko mene ne ba.

"Shekara bakwai, Maman Lauya. Wa zai yarda?"

"Ban sani ba. Za su tashe shi ranar Asabar."

"Idan suka juyo kanki fa? Yarinyar nan a makarantar take. Kin san yara, kin san iyayensu."

Na sani. Shi ne abin da ya riƙe ni duk shekarun nan, ko kuma shi ne abin da na fake da shi. Ni uwa ce da ba ta barin 'yarta ta tsallaka titi ita kaɗai, nakan ɗanɗana magani kafin in ba ta. Na ce masa, "Ta tambaye ni ya aka yi na san ba shi ba ne. Na ce ta kalli taga. Gobe za ta sake tambaya, ka san halinta."

Ya kashe famfon. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Ni na ce ki yi shiru," in ji shi. "Nawa kason yana ciki. Asabar ɗin tare za mu."

Washegari bayan na raka Lauya, na dawo ta tashar da tsohuwar jakarta da zif ɗinta ya lalace. Ba zan iya zuwa hannu rabbana ba. Ban tsallaka titi ba. Na yi sallama, ya amsa, ya nuna min ɗan bencin da masu jira ke zama. Daga kusa ya fi yadda nake zato tsufa. Tabon ma ya dusashe, ya shige cikin tamoji.

Ya karɓi jakar ya ja zif ɗin sama da ƙasa. "Ke ce uwar mai tambayar nan."

"Ni ce, Baba. Ka yi haƙuri da abin da ta faɗa."

"Ba ta yi laifi ba. Ita ai tambaya ta yi. Sauran ba su tambaya ba."

Na ciro ambulan ɗin. Na shirya magana tun a gida, amma ta watse. Na fara daga tsakiya, na koma farko, na yi bayanin tawada da uwa da biro kamar ina koya wa sabon ma'aikaci. Bai katse ni ba. Da na gama ya goge hannunsa a jikin riga, ya ɗauko tabaransa da aka ɗaure ƙafarsa da zaren ɗinki, ya karɓi takardar. Ya kalle ta, ya juya ya kalli falwayar wutar lantarki da ke bayansa, inda tuni aka manna takardar koken da hoton a sama. Ya dawo kan ta hannunsa.

"Kai, wannan ai kyakkyawa ne," ya ce, har da 'yar dariya. "Ina ni ina wannan hancin?"

Dariyar ta tsaya. Ya bi layin ninkin da babban yatsansa tun daga sama har ƙasa.

"Matata ta rasu bara waccan. Ba ta taɓa zargina ba, ko sau ɗaya. Amma wani lokaci muna cin abinci sai in ɗago in kama ta tana kallon kuncina."

Na zame daga kan bencin na durƙusa. "Baba, don girman Allah ka yafe min."

"Tashi. Tashi maza, baiwar Allah, kar mutane su ce wani abin na yi miki."

Na tashi. Gaskiya ya faɗa, wasu mata biyu a tsallake sun riga sun tsaya suna kallonmu.

Ya ce, "Yafiya a nan ƙarƙashin laima, daga ni sai ke sai takalma? A tsakiyar titi aka ja ni, yara talatin suna ihu ta taga. Akwai wadda ta yi fitsari a wando don tsoro, ni nake ɗaure mata takalmi kullum." Ya miƙo min takardar. "Shi kuma mai wannan fuskar, shekara bakwai yana wucewa ta gaban hotonsa yana gode miki. Kin taɓa tunanin wannan?"

Na taɓa. Amma ban taɓa jin wani ya faɗa a fili ba.

"Zan je taron Asabar, Baba. Zan faɗa musu."

"Je ki faɗa. Sannan ki dawo mu yi maganar yafiya. Jakar kuma sai an canza mata zif gaba ɗaya, wannan ya gama yawo."

Ranar Asabar da hantsi aka taru a ajin 'yan aji uku. Iyaye mata sun kai sittin, an matse a kan ƙananan kujeru gwiwa na taɓa haɓa, maza kaɗan suna tsaye a baya, Baban Lauya a jikin taga. Anti Shugaba ta karanta koken, ta ce an samu tamanin da uku, saura sha bakwai, wadda ba ta sa ba ta fito. Na ɗaga hannu. Ta yi murmushi ta miƙo min biro.

Na ce, "Ba sa hannu zan yi ba, Anti. Magana gare ni."

Na san baki kaɗai ba zai wadatar ba, don haka na zo da abu uku: takardar asali, da sabon kwafin da na fitar daga ita da safen nan ban taɓa shi ba, da hoton da kowa ya sani. Na jera su a kan teburin malami. Na faɗi abin da na yi, da ranar da na gane, da shekarun da na yi shiru. Muryata tana rawa, sau biyu wata daga baya ta ce in ɗaga murya. Na ce kowa ta zo ta ɗaga takardar saitin taga ta gani da idonta.

Suka taso layi-layi. Wasu suka duba suka koma suka zauna. Wata ta ce, "Me ya ba ki?" Wata ta ce, "To ko babu tabo, ni dai idonsa bai kwanta min ba." Wata kuma, mai sayar da kayan makaranta, ta dafe kai ta ce, "Wayyo ni, ni ce fa na fara jifan motar da dutse."

Anti Shugaba ce ta ƙarshe. Ta ɗaga takardar, ta juya bayanta. Akwai rubutu da jan biro a kusurwa, ɗari biyar, da lambar wayar ƙaninta.

"Rubutuna ne," ta ce a hankali. "Ni na ninke ta, don ta shiga jaka." Sai kuma ta ɗago da ƙarfi, "Amma ni ban ce ki zana komai ba!"

"Ba ki ce ba, Anti."

"Kuma da kika gani me ya hana ki zuwa ki same ni? Gidana nisa gare shi?"



Shugaban makaranta ya ce takardar koken tana kan tebur, wadda ke son soke sunanta ta soke. Mutum talatin da ɗaya suka soke. Sauran ba su motsa ba. Anti Shugaba ba ta soke nata ba, amma ita ta naɗe takardar ta ce a bar maganar. Muna fita wata ta bangaje ni da kafaɗa ta ce, "Ke ya kamata a kora daga unguwar nan." Baban Lauya ya yunƙura, na riƙe masa riga.

Ranar Litinin na kai kaina ofishin 'yan sanda, har da ɗan kayan sawa a leda ko da za a riƙe ni. Wani jami'i mai furfura ya saurare ni, ya shiga ciki ya fito da fayil. Zanensu ba shi da tabo, bai taɓa samu ba. Ya ce sun ma faɗa a rediyo sau ɗaya a lokacin, babu wanda ya ji. Ya nuna min kwali biyu a saman kabad, cike da rahoton da jama'a suka kawo, sama da ɗari huɗu, kusan duk a kan masu tabo ne. Watanni suka yi suna bin su ɗaya bayan ɗaya, don ba su da ikon ƙin dubawa.

"Rubuta abin da kika faɗa ki sa hannu," in ji shi. "Sannan ki tafi gida, 'yata. Ki tafi da ledarki."

Da sun rufe ni kwana tara, ina jin da na fi samun sauƙi.

Lauya ta biya nata kason, kamar yadda babanta ya hango. Ƙawayenta biyu sun daina zama kusa da ita, ɗaya ta ce mata uwarta ce ta ɓoye mai kisa. Na zaunar da ita na ba ta labarin duka, da kalmomin da za ta gane. Da na gama ta je ta kwanta da takalmi a ƙafa. Wasu iyayen sun daina kawo aiki shagonmu. Mai shagon bai kore ni ba, amma ya kwashe duk biron da ke kan kantar shagon ya kulle a durowa.

Na koma karɓar jakar. Laimar tana nan. A gefensa akwai takalman makaranta ƙafa uku suna jiran layi, irin na yaran unguwa.

"An ce kin yi magana," ya ce yana duba zif ɗin.

"Na yi, Baba."

"An ce muryarki ta yi ta kakkarwa kamar tsohuwar mota a kan tudu."

"Haka ne."

Ya ja zif ɗin sau uku ya nuna min yana tafiya, ya miƙo. Na tsaya riƙe da jakar.

"Baba, maganar da muka bari fa?"

Ya ɗauki takalmi na gaba ya juya shi. "Ki ba ni lokaci. Shekara bakwai ban san wanda zan yi fushi da shi ba, yanzu na samu. Bari in ɗan yi tukuna."

Ban ƙara roƙonsa ba. Kullum da safe ina gaishe shi, yana amsawa. Nan muka tsaya.

Jiya hoton ya sake shigowa wayata. Gwaggona ce ta turo daga wani gari, da jan tabon, an rubuta a ƙasa a yaɗa don kare yaranmu. Ta ce mutum huɗu ne suka turo mata. Na kira ta na yi mata bayani, ta ce to, amma ai ta riga ta tura.

Don haka ke da kike karanta wannan, da kai ma: hoton nan zai iso wayarku, in bai riga ya iso ba. Wadda za ta turo shi mai ƙaunarku ce, tsoro ne ya sa ta. Kada ku tura shi gaba. Kada ku nuna wa yaro ku ce ya kula da mai irin wannan fuskar. Mutumin da ya sauko daga benen Likita kuncinsa sumul yake, yana da ladabin matsa wa mace hanya a matakala, kuma babu wanda ya taɓa nemansa. Idan kuka koya wa yaranku gudun mai tabo, shi za su tsaya su gaisar. Ku goge hoton, ku kira wadda ta turo ku faɗa mata dalili.